Hausar gida da Hausar takarda: Jarrabawar da ke gaban ɗalibai

Tun da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa a watan Maris na 2025, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka zama harsunan aiki. Hausawan Kamaru, Cadi, Benin da Togo sun bi labarin da sha'awa. Sai dai matakin ya fito da wata tsohuwar matsala fili: miliyoyin matasa na jin Hausa kamar ruwa, amma kaɗan ne aka taɓa koya musu rubuta ta yadda makaranta ke so.

Cikas na farko shi ne haruffa. Yaron da ya fara karatu da Faransanci yana ɗaukar ƙa'idarsa ya ɗora wa Hausa. A waya zai rubuta "tchikin" maimakon "cikin", "koudi" maimakon "kuɗi", kamar dai yadda Tawa ta zama Tahoua a taswira. Haruffa masu ƙugiya kuwa ɓacewa suke yi, alhali su ne ke raba "kafa" da "ƙafa", "baki" da "baƙi". A hira, mai karatu na iya cankar ma'ana. A takardar jarrabawa ko kundin kammala jami'a, ba a barin ma'ana ga canke.

Cikas na biyu shi ne karin harshe. Daidaitacciyar Hausa ta ginu ne galibi a kan Kananci. Ɗan Tawa ko Dogon Dutsi yana cewa "sunka zo", "shina tahiya", "hwaɗa mini". Littafi kuma yana son "suka zo", "yana tafiya", "faɗa mini". A zangunan da Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin ƙabilu, wasu ba su cika bambanta namiji da mace a jimla ba. Ga kuma kalmomin aro: "lakwal", "mushe", "kaye", inda makwabci a Najeriya zai ce makaranta, malami, littafin rubutu.

A nan ne haɗarin yake. Idan malami ya ja jan biro a kan duk abin da yaro ya zo da shi daga gida, darasin da yaron zai ɗauka shi ne maganar iyayensa kuskure ce. Wanda aka koya wa jin kunyar bakinsa yakan yi shiru a aji, ko ya koma haddar jimlolin littafi ba tare da tunaninsa ba. "Sunka" ba ɓatacciyar Hausa ba ce; Hausar yamma ce mai dogon tarihi a waƙa da wa'azi. Abin da ya dace ɗalibi ya gane shi ne kowane zance da muhallinsa, kamar yadda rigar gona ta bambanta da ta sallah.

Ba daga sifiri ake farawa ba. An yi taron Bamako a 1966 kan rubuta harsunan yankin, an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a Damagaram a 1973, an kuma zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. Ragowar bambancin kaɗan ne, misali "ƴ" a Nijar da "'y" a Najeriya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne littattafai, ƙamus na kalmomin kimiyya da shari'a, da malaman da aka horar.

Akwai kuma abin da ya fi haruffa nauyi. Rubutun ilimi yana neman a faɗi batu, a kawo hujja, a nuna inda aka samo ta, a yanke hukunci. Karin magana na iya rufe gardama a majalisa, amma a kundi sai an kafa dalili. Wannan fasaha ba ta Faransanci kaɗai ba ce, kuma ɗalibin da ya ƙware da ita a Hausa zai tafi da ita duk harshen da ya shiga.

Ga Hausawan Garwa, Injamena ko Kwatano, inda makarantar gwamnati ba ta koyar da Hausa, abin da Nijar za ta buga na littattafai shi ne zai iya isa hannun ƴaƴansu. Doka ta ba harshen matsayi. Ko matsayin zai kai ga takardar ɗalibi, wannan ya rataya ne a kan kasafin kuɗin ilimi da kuma irin gyaran da malami ke yi da jan bironsa.