Gina salanga ba shi ne ƙarshen aiki ba

Mu mutanen Adar ba mu da teku. Da yawa cikinmu ba su taɓa ganin jirgin ruwa ba, in ba na masunta a tabkin Tabalak ba. Amma ƴan ci-raninmu sun gani. Wani ƙanena ya yi shekaru shina dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Ran nan muna hira, sai na tambaye shi: "Wai mutanen cikin jirgi, in bayan gida ya matsa musu, ina suke zuwa?" Ya yi dariya ya ce: "Yaya, ai da salangarsu suke tafiya."

Ga yadda abin yake. Cikin jirgi akwai makewayi, ƙarƙashinsa akwai tanki. Duk ƙazanta tanki take shiga. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya mai suna MARPOL don hana ɓata teku. Sashenta da ya shafi bayan gida ya fara aiki a shekara ta 2003. Babban jirgi ba shi da izinin zubda ɗanyen kashi sai ya yi nisan mil 12 na teku daga gaɓa, wato wajen kilometir 22. In yana kusa da gari, ko dai ya tace shi da inji, ko ya adana cikin tanki har a zuƙe a tasha.

To, ku duba. Teku da faɗinsa anka ce kada a zuba. Mu kuwa a Badagishiri, ruwan da muke sha yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu. Cikin fadama ba a yin gina mai zurfi ake ishe ruwa. Da shi muke ban ruwan albasa da tumatir, shi muke ba ɗiyanmu. Ra'ayina shi ne, gidan kowannenmu jirgi ne bisa ruwa. Ramin salanga shi ne tankinmu. Wanda ya gina ya ƙyale, bai gama aiki ba.

Ƙanen nan nawa ya ce ma'aikatan jirgi abu huɗu suke lura da su. Na ga duk huɗun sun shafe mu.

Na farko, ba kome ake jefawa ciki ba. A jirgi, tsumma guda yana toshe bututu, makewayi ya tsaya. Mu nan me muke yi? Leda, kwalba, tsumma, tsohon batir, duk cikin salanga. Waɗannan ba su ruɓewa. Su ke cika rami tun lokacinsa bai yi ba. Ruwan wanka da na wanki ma a yi musu tasu hanya dabam, don suna jiƙa bango ya zube. Abin da ya dace a zuba shi ne toka. Toka tana rage wari, tana korar ƙuda, kuma ba saye ake ba.

Na biyu, tanki yana son numfashi. Kowane tankin jirgi yana da bututun iska. In ya toshe, wari ya komo cikin ɗaki. A ƙasar Zimbabuwe, cikin shekarun 1970, masana sun fito da salanga mai bututu. Bututun ya ɗara rufin tsawo, an ɗaure bakinsa da raga. Wari ya bi sama, ƙuda ya bi haske ya ishe raga, ya mutu can. Wanda ke da irin wagga, ya riƙa duba ragar, ya zuba ruwa ta sama don share yanar gizo. Wanda tasa ba ta da bututu, ya yi mata murfi mai mariƙi, ya rufe kullum. Ƙudan da ya fito rami, kan ƙwaryar fura zai sauka.

Na ukku, a san inda cika ta kai. Tankin jirgi yana da ma'auni. Mu sanda ta ishe mu. In saura rabin metir rami ya cika, a daina shiga. A cike da ƙasa, a gina sabo. Bayan shekara biyu abin ya zama taki, ana iya kai shi gona ba tsoro. Kuma kada kowa ya sauka cikin ramin da ake amfani da shi. Iskar ciki guba ce, tana kashe mutum, a jirgi ko a gida. Masu aikin kwasa su zuba nesa da gari, su bizne. Kada a juye cikin korama, don korama wajen maƙwabta za ta kai.

Na huɗu, a nemi yoyo tun bai yi girma ba. Kafin ruwan farko, a duba dal ko ta tsage, a duba itacen da ke riƙe da ita ko gara ta ci. A ɗaga bakin rami ya fi ƙasa tudu, a yi wa ruwan sama hanya. Wata damana salangar maƙwabcina ta rufta da dare. Allah ya kiyaye ba kowa ciki. Amma ruwa ya kwashi abin ya bi lungu, yara na wasa ciki da safe. Masana sun ce tsakanin salanga da rijiya a bar metir 30, kuma gindin rami ya ɗara ruwan ƙasa da metir ɗaya da rabi ko fiye.

Wani zai ce: "Siminti tsada gare shi, daji kuwa kyauta ne." Gaskiya ne siminti ba shi da araha, ko da yake a Malbaza ake yin shi. Amma toka, murfi, tsintsiya da sanda, nawa ne kuɗinsu? Daji kuma ba kyauta ba ne, bashi ne. Damana ke biyo shi. A shekara ta 2021 ciwon amai da zawo ya shiga Nijar, ya taɓa jihohin Tawa, Maraɗi, Damagaram da Doso, an yi rashin mutane. Ciwon nan daga kashi yake bi ya shiga ruwa da abinci.

Wani kuma kunya ke hana shi maganar. Ya bar wa mata da yara aikin. Wanga ba daidai ba ne. Maigida ke gyaran rufin ɗaki da rumbu kafin damana. To, ya haɗa da salanga. Haka nan a makaranta, masallaci da kasuwa, a sa mutum guda mai kula, a aje buta da sabuni ko toka a ƙofa don wanke hannu.

Matuƙin jirgi ba ya jin kunyar duba tankinsa, don ya san cikin jirgin zai kwana. Mu ma cikin garin nan za mu kwana, ruwansa za mu sha.

Tambayoyi
1. Taki nawa ne daga salangarku zuwa rijiya?
2. Me ya sa ba a jefa leda cikin rami?
3. Wa ke kula da salanga a gidanku?