Yaro Mai Gida Biyu: Wa Zai Saurare Shi?

Bayan mutuwar aure, yaro yakan yi zangon karatu wajen uwa, hutu wajen uba. To, idan ya dawo da tabo a jiki, ko ya riƙa kuka duk ranar tafiya fa? Sau da yawa dangi sukan ce sharri ne kawai, a rufa asiri. A ganina wannan babban kuskure ne.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta fifita maslahar yaro a kan komai. A kai shi asibiti likita ya rubuta abin da ya gani, kada a sa masa magana a baki, sannan a nemi kotu ta sake duba tsarin riƙon. Ɓoye yaro ba da izinin kotu ba yakan raunana ƙarar mai gaskiya. 'Yan'uwa ɗalibai, yaron ne ya cancanci rufin asiri, ba wanda ya cuce shi ba.