Ra'ayinmu: Saukale rodi da katako ya fi ƙarfin kafaɗar ɗan dako

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Katako ta Yamai, ko layin masu kayan gini a Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya san yadda ake fama ranar da kamyo ya iso da rodi. Hanya ta toshe, ƴan dako suna ja suna kuwwa, mata masu tuyar ƙosai da masu tallar fura suna kwashe kwanoninsu don kada bakin ƙarfe ya same su.

Mu yi lissafi. Sandar rodi tsawonta metir 12 ne. Mai kaurin milimetir 12 nauyinta ya kusa kilo 11. Ke nan kamyo mai tan 30 yana ɗauke da sanda fiye da 2,800, kuma duk a kafaɗar mutane za su sauka. Aiki ne na wuni guda. Mai kaya yana biyan kuɗin jira, ɗan dako yana biya da ƙugunsa.

Akwai injin da aka ƙera musamman don irin wannan kaya. Motar ɗaga kaya da muka saba gani, yatsunta na ƙarfe a gaba suke. In ta ɗauki rodi, kayan a gicciye suke tafiya, sai an ba ta fili mai faɗin tsawon rodin, ga shi kuma bakunan biyu suna lilo. Ita kuwa mai ɗauka ta gefe, yatsun a haƙarƙarinta suke. Tana tsayawa daura da kamyo, ta miƙa yatsun, ta ɗago kayan, ta jawo su ta kwantar bisa dandamalin jikinta, sannan ta tafi da su a tsawonsu. Layin da ya ɗan fi ta faɗi ya ishe ta. Haka take yi da katako, da bututun ruwa, da kwanon rufi. Masu sayar da katako da ƙarfe a Turai sun daɗe suna aiki da ita.

Ba mu ce magani ce ta kowane ciwo ba. Tana da tsada, tana shan gazuwal, kayan gyaranta daga waje suke zowa. Tana son ƙasa mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗiya. A cikin rairayi ko taɓon damina, nutsewa za ta yi. Kuma a hannun wanda bai koya ba, haɗari ce.

Saboda haka kiranmu kashi uku ne. Na farko, ƴan kasuwar kayan gini su haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ya gagari mutum guda, ƙungiya tana iya saye ko ta yi haya, kowa ya biya gwargwadon kayan da aka sauke masa. Na biyu, ma'aikatun magajin gari, da suke karɓar kuɗin rumfa, su keɓe wurin sauke dogon kaya nesa da layin mata, su daɓe shi da siminti. In babu wannan, sayen injin asarar kuɗi ce. Na uku, kada a manta da ƴan dako. Tsoronsu na rasa abinci gaskiya ne. Daga cikinsu ya kamata a zaɓi waɗanda za a koya wa tuƙi da gyara. Sauran kuwa aikin ƙirga, ɗauri da kai kaya gidan mai saye yana nan, injin ba ya shiga lungu.

Kafin a kai can, akwai abin da ba ya cin ko dala: a ɗaura jan ƙyalle a bakin rodin da ake ja bisa amalanke, kuma a sauke kamyo da sassafe kafin kasuwa ta cika. Iyayenmu mata, ku ma kuna da bakin magana wajen shugabannin kasuwa. Kada ku jira sai an ji wa wani yaro rauni.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.