Ɗan Magariya da Karatun Kula da Ma'aikata: Haƙƙin Mutane Ka Ɗauka

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, zaurukan Magariya da Dungas sukan cika da shawara. Yaro ya samu, an yi barka, saura zaɓen abin da zai karanta a Damagaram ko Yamai ko Tawa. In ya ce likita, kowa ya gane. In ya ce koyarwa ko aikin gona, babu mai tambaya. Amma in ya ce zai karanci kula da ma'aikata, wanda ɗalibai ke kira GRH, sai uba ya yi jim, can ya ce, "To ɗana, in ka gama me za a ce ka zama?" Amsar da aka fi bayarwa ita ce, "Baba, ni zan riƙa ɗaukar mutane aiki." Nan take fuskoki su washe, kowa ya shiga lissafin nasa ɗan da ke zaune gida.

Wannan murna ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina goyon bayan ƴaƴanmu maza da mata su karanci wannan fanni, domin yankinmu yana buƙatarsa ƙwarai. Sai dai abin da ake yi wa murnar, wato samun namu a bakin ƙofa ya riƙa shigar da namu, shi ne ainihin cutar da aka kafa fannin domin a magance. Wanda ya karanci kula da ma'aikata haƙƙin mutane ya ɗauka a wuyansa, kuma ya kamata ya san haka tun kafin ya biya kuɗin rajista.

Tushen karatun shi ne a san aiki kafin a nemi mai yin sa: mene ne aikin, wane sani yake buƙata, awa nawa zai ci, nawa ya cancanci a biya. Daga nan ɗalibi ya koyi yadda ake shelar gurbi, da tace takardun masu nema, da ganawa da su, da rubuta yarjejeniya. Sai tsara albashi da hutu, da horarwa, da auna ƙwazo, da ladabtar da mai laifi ba tare da an zalunce shi ba, da zama da ƙungiyoyin ƙwadago idan rikici ya taso, har zuwa ranar sallama ko ritaya. Ana haɗa masa da dokar aiki da lissafi da sanin halayyar ɗan Adam. Kowane ɗaya cikin waɗannan darussa yana taɓa tukunyar wani gida.

Fannin yana da tarihinsa. A 1911 Ba'amurke Frederick Taylor ya fitar da littafinsa kan tsara aiki, bayan ya daɗe yana tsayawa da agogo a kan leburori yana ƙidaya motsinsu. A 1916 Henri Fayol, injiniyan haƙar ma'adinai na Faransa, ya jera ƙa'idoji 14 na shugabanci, cikinsu har da yi wa ma'aikata adalci da barin mutum ya daɗe a gurbinsa har ya ƙware. Tsakanin 1924 da 1932 aka yi binciken nan na masana'antar Hawthorne kusa da Chicago, wanda ake dangantawa da Elton Mayo, inda masu binciken suka kammala da cewa kulawar da ake nuna wa ma'aikaci da zamansa da abokan aiki suna tasiri a kan abin da yake samarwa. A 1959 Frederick Herzberg ya nuna cewa albashi da kyawun wurin aiki suna hana ƙorafi, amma himma tana zuwa ne daga yabawa da danƙa amana da ganin hanyar ci gaba. Kusan shekara 50 aka ɗauka kafin masana'antu su yarda cewa ma'aikaci mutum ne mai zuciya. Mu kuwa tun muna makarantar allo muka ji labarin Annabi Musa a Madyana, inda aka ba da shawarar a ɗauke shi aiki saboda abu biyu, ƙarfi da amana. Ba a ambaci ɗan wane ne ba. Ɗalibinmu ya shiga aji da wannan gado, sai ya ɗora masa tsari da lissafi da doka.

Mai ganin kamar wannan karatu na manyan birane ne, ya dubi gida. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magariya mutum sama da 570,000, ta ba Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, sama da 350,000. Dukan wannan jama'a tana dogara ne ga ma'aikatan da wani ya zaɓa, ya tura, ya biya ko ya ƙi biya.

Mu fara da asibiti. Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tare da ma'aikatar lafiya a Magariya, kuma kowa ya san yadda sashen yara yake cika idan damina ta yi nisa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa. A 2018 an kai matsayin da yara sama da 700 suke kwance a lokaci guda. A irin wannan hali magani kaɗai ba ya isa. Sai an samu wanda tun watan Mayu ya lissafa ma'aikatan jinya nawa za a ƙara, ya horar da su kafin cunkoso, ya tsara wa zai kwana da wa zai huta. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi dare uku a jere tana iya kuskuren awon magani, kuma wanda ya rubuta jadawalin yana da kaso a cikin wannan kuskure ko da bai taɓa riƙe allura ba.

Sai makaranta. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta koma ɗaukar malamai ƴan kwantaragi domin a buɗe azuzuwa da yawa da kuɗi kaɗan, har suka zama su ne mafi rinjaye a firamare. A 2017 gwamnati ta yi musu jarrabawar tantancewa, aka soke kwantaragin dubbai daga cikinsu. An yi ta ɗora laifi a kan malaman. Amma wa ya ɗauke su tun farko, da wane ma'auni, wane horo aka ba su, kuma sau nawa kuɗinsu ya zo a kan lokaci? Ruwa ba ya tsami banza. Yaron ƙauyen da ya gama firamare bai iya karanta sunansa ba, sakacin ɗaukar ma'aikata ne ya faɗa a kansa.

Ko matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a jiharmu a 2011 ba ta tsira daga wannan ba. An daɗe ana ƙorafi kan tazarar albashi tsakanin ƴan ƙasa da baƙi, kuma a watan Maris na 2025, da hukumomi suka kori shugabannin kamfanonin mai uku ƴan Sin, wannan tazara tana cikin dalilan da aka bayar. Jadawalin albashi takarda ce da ake rubutawa a ofis, amma ga shi ta kai ga taɓa hulɗar ƙasa da ƙasa.

Dokarmu ba ta yi shiru ba. Kundin dokar aiki na 25 ga Satumba 2012 ya ƙayyade awa 40 a mako, ya ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi da albashi a kan kowane watan aiki, ya ba mai haihuwa mako 14. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya daɗe a sefa 30,047, ya koma jika 42. Wajibi ne mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa rajista a asusun CNSS domin ranar haɗari da ranar tsufa. Duk wannan yana rubuce da Faransanci, akasarin waɗanda aka yi dokar dominsu kuwa ba su taɓa jin ta da kunnensu ba.

Nan ne ɗan Magariya mai wannan ilimi yake da aikin da ba sai ya jira kowa ya ba shi ba. Gaskiya ne guraben ofis kaɗan ne, kuma masu cewa karatun zai ƙare a zaman jira suna da hujja. To amma yawancin ma'aikatanmu ba a ofis suke ba. Suna shaguna da gidajen burodi da gidajen mai da tashoshin mota da makarantun kuɗi da lambunan rake, ga ƴan barema a gona, ga ƴan mata masu aikatau a gidaje. Kowa ya san labarin yaron shago. Ya shiga hannun ubangida yana ɗan saurayi, shi ke buɗewa da asuba, shi ke sauke buhuna, shi ke tsallaka iyaka ya sayo kaya a Kano, a bisa alkawarin baki cewa wata rana za a sallame shi da jari. Shekaru suka tafi. Ubangida ya rasu, magada suka zauna rabo, aka kira shi aka ce, "Mu dai Alhaji bai gaya mana komai ba." Ya fita da rigar jikinsa da ƙullin baƙin ciki. Rabin shafi da Hausa, da boko ko da ajami, mai ɗauke da shekarun hidima da adadin jarin sallama da sa hannun shaidu biyu, da ya tsare haƙƙin yaron, ya kuma tsare mamacin daga bashin da ya tafi da shi. Mai digirin da ya iya rubuta wa ƴan kasuwa da ƙungiyoyin manoma irin wannan takarda, ya tsara musu littafin albashi da ranakun hutu, ya samu sana'a kuma ya samu lada.

Manomanmu sun riga sun nuna hanya. Magariya da Matamai da Mirya sun yi suna a duniya saboda miliyoyin gawo da suka dawo gonaki tun daga shekarun 1980, ba don an kawo dashe daga wani wuri ba, sai don manomi ya daina sare tohon da ya tarar, ya gyara shi, ya tsare shi har ya girma. Ma'aikaci ma haka yake. Mai gadin da aka koya wa karatu yana iya riƙe sito, mai sharar da aka horar tana iya zama mataimakiyar jinya. Wurin da ya iya renon wanda ke hannunsa ba ya rasa gwani.

Amma jarrabawar gaskiya ba a jami'a ake yin ta ba. A ce ka samu aiki, an yi shelar gurbi ɗaya, takardu sun taru a kan teburinka. Bayan isha'i sai ga kawu ya yi sallama, da ambulan a hammata. An gaisa, an tambayi iyali, sannan ya miƙo. "Ɗana, ga dosiyen ɗan'uwanka. Ka san halin da gida yake ciki. Naka sai naka." Babu littafin Fayol da zai amsa maka a wannan dare. Abin da ya dace ka faɗa, cikin ladabi da runtse ido, shi ne, "Kawu, na karɓa hannu biyu, zan sa shi cikin na sauran. In ya fi su, shi zai samu. In wani ya fi shi, ba zan iya ɗaukar haƙƙin wancan ba. Amma a turo mini shi gobe in nuna masa yadda ake shirin jarrabawar." Kawu zai yi fushi, wataƙila a daɗe ana maganarka a gidan biki. Zumunci wajibi ne, sai dai ana yin sa da abin da mutum ya mallaka: kuɗinsa, lokacinsa, iliminsa. Gurbin aiki ba naka ba ne. A cikin takardun nan akwai ta marayan Dogo-Dogo wanda ba shi da kowa a bakin ƙofa sai adalcinka. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Jarrabawa ta biyu daga sama take zuwa. Maigida zai ce a bar ma'aikata ba rajista domin a rage kashe kuɗi, ko a nemi dalilin sallamar wadda ta samu ciki, ko a jinkirta albashi har sai kaya sun fita. Kai ne ka san doka, kai ne kuma kake cin albashinsa. Aikinka ka zaunar da shi ka nuna masa da lissafi abin da zai yi asara idan gwanayensa suka gudu ko magana ta kai gaban sufeton aiki, ka kuma tuna masa cewa addininmu ya tsananta a kan biyan ɗan ƙwadago da gaggawa. Haka nan kai ne za ka gaya wa ma'aikacin da ke zuwa a makare ko yake ha'inci cewa albashin da bai yi wa aiki ba haram yake ci. Adalcin ya shafi kowane ɓangare.

Don haka ina kira ga malaman jami'o'inmu, musamman ta Damagaram da aka kafa a 2010 wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, duk inda ake koyar da shugabanci da gudanarwa, a shigo da misalan gida cikin aji. A tura ɗalibai sanin makamar aiki a ofisoshin magadan gari na Bande da Wacha da Kwaya da Malawa, a sa su fassara muhimman sassan dokar aiki da Hausa su karanta a gidajen rediyon karkara. Iyaye kuma, idan ɗanku ya kama wannan aiki, ku taimake shi da rage masa ambulan. Ƴan kasuwa da masu makarantu su sani cewa rubuta yarjejeniya ba rashin yarda ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ku kuwa ɗalibai, ku karanta da gaske, ku haddace doka, ku iya lissafin albashi har kwabo. Wanda ya san ba zai iya cewa a'a ga danginsa da maigidansa ba, gara ya zaɓi wani fanni tun yanzu, domin akwai fannoni da yawa masu albarka. Wanda kuma ya ji zai iya, Magariya da Dungas suna jiran sa da aiki mai yawa. Allah ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙi da ma'aikata masu riƙon amana, amin.