Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin CAN, Reshen Jihar Kebbi

Ya iyayenmu cikin Ubangiji,

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, bashi ya shiga gidajenmu a Badariya. Wasu kan ranto kuɗi da ruwa ta waya don kawai su cika alkawarin baikon godiyar kaka, gudun kada a kira sunansu gaban jama'a. Wannan ba ibada ba ce.

Annabi Elisha bai nemi baiko wurin gwauruwar da bashi ya kusa raba ta da 'ya'yanta ba, hanyar biya ya nuna mata. Ku ne makiyaya. Muna roƙo ku hana kiran sunaye, ku rage tsadar aure, ku kafa asusun rance marar ruwa, a kuma koyar da tsara kuɗin cefane.

Naku cikin Almasihu,
Wani mai bi, Badariya, Birnin Kebbi