Wasan Neman Ɓoyayyen Akwati Zai Iya Kai Ɗalibai Bakin Kogin Kaduna

A ranar 2 ga Mayu, 2000, gwamnatin Amurka ta daina rage ingancin saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da farar hula ke amfani da shi. Kuskuren da kan kai mita 100 ya ragu ƙwarai. Kashegari wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a jihar Oregon, ya sanar da lambobin wurin, ya ce wanda zai iya ya nemo. Mafarin wasan neman ɓoyayyen akwati ke nan, wanda ya bazu duniya. A yau wayar hannu ta isa a yi shi.

A ƙasashen da ke gaɓar teku, masu wasan kan bi wuraren shaƙatawa masu duwatsu, inda ruwa ke janyewa, galibi sau biyu a rana, ya bar ƙananan kududdufai cike da halittu. Kaduna ba ta da teku, amma tana da makamancin haka. Kogin Kaduna na janyewa sau ɗaya a shekara, da rani, sai duwatsu su bayyana, ruwa ya kwanta a guraben da ke tsakaninsu. Makarantun Barnawa da Kakuri da Nasarawa ba su da nisa da wannan ɗakin gwaji na kyauta, amma ɗalibi kan haddace darasin mazaunin halittu daga allo bai taɓa leƙa gurbi ɗaya ba. Gani kuwa ya kori ji.

Kowane gurbi duniya ce guda. Gansakuka na haɗa abinci da hasken rana. Talibambam da katantanwa na cin gansakuka. Ƙananan kifaye na cin tsutsar sauro. Tsuntsaye kuma na jiran kifayen. Rana na ƙara zafi, ruwan na ƙafewa, ruwan ɗumi kuwa ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi. Ɗalibin da ya koma gurbi ɗaya da taimakon GPS mako-mako, yana auna zurfi da ɗumi, zai ga da idonsa wace halitta ce ke jurewa, wace ce ke fara mutuwa. Amfanin lambobin wuri ke nan: suna mai da yawo ya zama bincike.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Na farko, kada a ɓoye akwati cikin gurbi ko ƙarƙashin dutse. GPS na iya kaucewa da 'yan mitoci, sai mai nema ya yi ta birkita duwatsu, ya kashe abin da ke fake a ƙasansu. Damina ta zo, robar ta bi kogi. Tun 2004 akwai nau'in wasan mai suna EarthCache, wanda ba shi da akwati sam: mutum zai isa wurin ne ya amsa tambaya. Wannan tsari ya fi dacewa da ɗalibai.

Na biyu, kada a shiga ruwan da ƙafa ko hannu tsirara. Wasu katantanwu na ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata, daga baya ta sa fitsarin jini. A yi amfani da koma da safar roba, a kuma mayar da duk abin da aka ɗebo. Na uku, kada a je da damina. Ambaliyar 2003 ta nuna wa mutanen Kaduna ƙarfin kogin nan.

Za a iya cewa ba kowane ɗalibi ke da waya ba. Waya ɗaya a hannun malami ta ishi aji guda idan aka kasa shi rukuni-rukuni. Abin da ya rage shi ne shugabannin makarantu su ware rana tsakanin Janairu da Maris, da izinin iyaye. Yaron da ya san mazaunan gurbi da sunayensu zai yi wuya ya zuba shara a kogin idan ya girma.