SHARHI: Ƙarfin ganyen magani daga ƙasa yake fitowa



A kasuwannin Cadawa, Agye, Gazawa da Gidan Rumji, layin ƴan ganye da saiwoyi ba ya rabo da cunkoso. Ga zogale, ga yakuwa da tafasa, ga filasko, sabara, kalgo da ɗoɗɗoya. Wani abinci ne, wani magani, wani kuma duka biyun. Amma yaya muke zaɓe? Da ido. Ganyen da ya fi faɗi, ya fi kore shar, shi ake rububi, shi ke da kuɗi. A ganinmu wannan zaɓe yana cutar mai saye da mai saidawa, domin abin da ganye ke ɗauke da shi, na amfani ko na illa, daga ƙasar da ya tsiro da takin da aka ba shi ya ɗauko shi, kuma ido ba ya ganin wannan.

Manomanmu sun san ƙasarsu kashi uku: jigawa, geza da fadama. Jigawa, wadda ita ce mafi yawa a yankinmu, rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki, kuma masana sun daɗe da tabbatar da tana da ƙarancin sinadarin fosfor. Duk da haka a kanta sabara da kalgo da filasko suke rayuwa tun kaka da kakanni, ba mai zuba musu komai, suna girma a hankali, ganyensu ƙanana masu ƙarfi da bauri ko ɗaci. Zogalen garka kuwa, irin na Jiratawa da Tibiri da sauran bakin gulbin Maraɗi, ana yankarsa a kai a kai, don haka dole a ciyar da shi. Shukar da yunwa ta kama, ganyenta rawaya yake yi, ba auki ba amfani. Saboda haka taki dole ne a garka. Inda gizo ke saƙa shi ne irin takin da yawansa.

Mu ɗauki uriya, farin takin nan da ake aunawa a tiya. Kashi 46 cikin 100 nasa sinadarin azot ne, aikinsa kuma tunzura ganye. In aka zuba shi fiye da kima sai shuka ta yi tashin gaggawa, ganye ya yi faɗi, ya cika da ruwa. Ɗaci da ƙamshi da baurin da muke nema a ganyen magani kuwa abubuwa ne da shuka ke haɗawa a jikinta don kare kanta daga ƙwari da zafi. In aka yi mata hanzari, sau da yawa sai su tsinke, kamar kunun da aka yi wa yawan ruwa. An auna haka a kan tazargade, wadda daga jinsinta ake fitar da sinadarin maganin zazzaɓin cizon sauro na likita: bincike ya nuna yawan azot yana rage kason wannan sinadari a cikin ganye.

Ƴar kasuwa ita ke fara biyan wannan asara. Ganyen da ya sha uriya saurin yaushi gare shi, yakan fara ruɓa cikin buhu kafin mota ta kai Maraɗi, in an shanya shi kuma sai tulin ya koma ɗan kaɗan. Sannan ganye mai laushi shi tsutsa ta fi so. Tsutsa ta sauka, mai garka ya ɗauko feshi, wani ma bai jira kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba sai ya yanka ya kawo kasuwa. Wannan zogalen shi ake dafa wa mai jego da yaron da ya rame, da sunan ƙarin jini.

Takin gida ma ba kowanne ke da lafiya ba. Tun da takin zamani ya yi tsada, musamman daga 2022 da yaƙin Rasha da Ukren ya hargitsa kasuwarsa, amalanke na kwasar juji daga gari zuwa gona. Jujin yanzu ba irin na da ba ne: akwai leda, akwai tsoffin batura masu gubar ƙarfe, akwai bayan gida. Tun 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tsinkar tsirran magani. A ciki ta hana amfani da bayan gidan mutum a matsayin taki, ta ce kashin dabbobi sai ya ruɓe sosai, ta kuma gargaɗi a guji tsinka a bakin titi, bakin magudanar ƙazanta da wurin zubar da shara. Mu tambayi kanmu: tafasa da filasko nawa ake tsinkowa a gefen babbar hanyar da ta ratsa Cadawa zuwa Damagaram?

Akwai kuma batun aya, wadda ta ɗaga sunan Cadawa da Agye. Aya na kawo kuɗi, amma tana cin taki da yawa, kuma wajen haƙarta ana ƙone ciyawa, a tone ƙasa, a tankaɗe ta, iska ta kwashe mai kyau. Gonar da aka share ƙaf ba ta da sabara, ba ta da kalgo. To ina mai magani za ta samo su? Maganin wannan a gida yake. Sassaben zamani da aka fara a jahar Maraɗi wajen 1983, wanda garin Ɗan Saga na Agye ya yi suna da shi, ya maido da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Sabara da kalgo na tare ƙurar da iska ta ɗauko, gawo na zubar da ganye da damina yana ciyar da ƙasa. Manomin da ya bar su ya sami taki, ya sami magani.

A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun ce a ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta. Gaskiya ne gonakin hatsinmu na kukan rashin taki. Abin takaici shi ne ɗan wanda ake da shi ana jibga shi kan ganyen da za a ci cikin mako.

Don haka muke kira ga ƴan kasuwa, domin manomi abin da kasuwa ke so shi yake nomawa. Kafin ku yi ciniki, ku tambayi mai kaya abu uku: a ina aka noma ko aka tsinko shi, wane taki aka ba shi, yaushe aka yi masa feshin ƙarshe. Ku murza ganye ku sunsuna, ku ɗanɗana. Ku riƙe masu garkar da kuka yarda da su, ku ƙara musu ko dala biyar ce a kan na saura, ku kuma faɗa wa masu saye dalili. Araha ba ta ado. In za ku shanya, a inuwa, bisa tabarma, nesa da ƙura da awaki.

Masu garka su sa ruɓaɓɓen takin dabbobi a gaba, na zamani ya biyo baya da awo. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, muna roƙon su riƙa ɗibar ganyen kasuwanninmu suna aunawa, su faɗi sakamako da Hausa a gidajen rediyo. Magadan gari su ware wurin juji, su hana kwasar shara mai batura zuwa garake.

Muna kuma tunatarwa cewa zazzaɓi mai zafi, musamman ga yaro da mai ciki, na likita ne, ko da ganyen ya fito daga gona mafi kyau.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba kasuwa sa'a.